Naman layyar maƙwabciyata: in ci ko in mayar?

TAMBAYA: Baba Fasto, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaman haya a unguwar Mabera a nan Sakkwato shekara 9 ke nan. Maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ce ta raba mu, dattijuwa ce Musulma da nake kira Inna. Kowace Babbar Sallah takan aiko jikarta da kwanon nama, mu ci mu yi godiya. Bara, a taron zumuntar mata, wata 'yar'uwa ta karanta mana 1 Korintiyawa sura 10, ta ce naman layya naman hadaya ne, kuma duk Kiristan da ya ci ya yi tarayya da bagaden da ba na Almasihu ba. Da Sallah ta zo na rasa yadda zan yi, domin ina jin nauyin mayar wa Inna da kwanonta. Sai na karɓa, na ba yarinyar tukuici, da dare na ƙulle naman a leda na kai bola. Tun daga ranar zuciyata ba ta kwanta ba, ga shi kuma wata Sallar tana ƙaratowa. Shin zunubi ne in ci? Idan zunubi ne, da wane baki zan gaya mata?
Daga wata mai karatu, Mabera, Sakkwato.

AMSA: 'Yata, alheri da salama su tabbata a gare ki da iyalinki. Amsata ita ce ki karɓi naman da hannu biyu, ki gode wa Allah, ki gode wa Inna, ki ci tare da 'ya'yanki. Amma tun da da nassi aka tayar miki da hankali, wajibi ne mu koma ga nassin mu karanta shi har ƙarshensa.

Korinti birni ne na ƙasar Girka da ke cike da ɗakunan gumaka. Manzo Bulus ya zauna a cikinsa shekara ɗaya da wata shida, kamar yadda Ayyukan Manzanni 18:11 ya nuna, daga baya kuma ya rubuto musu wasiƙar nan daga Afisa. A birnin, akan yanka dabba a gaban gunki, a ƙone wani sashe, masu tsafi su ci wani a cikin ɗakin gunkin, ragowar kuma ta fita zuwa kasuwa. Saboda haka sababbin masu bi suka shiga irin damuwar da kike ciki. Bulus ya raba musu al'amarin gida biyu. A aya ta 14 zuwa ta 21 ya hana su ƙwarai su zauna a teburin bautar, domin wanda ya zauna a wurin ya shiga cikin sujadar. Wannan ne sashen da 'yar'uwarmu ta karanta muku. Da ta ɗan ci gaba zuwa aya ta 25 har ta 27, da kun ji ya ce su ci duk abin da ake sayarwa a mahauta ba tare da bincike saboda lamiri ba, gama duniya da dukan abin da ke cikinta na Ubangiji ne, kuma idan wanda ba mai bi ba ya gayyace su cin abinci, su ci abin da aka ajiye a gabansu. To, idan wannan ne hukuncin naman da ya ratso ta gaban gunki, ina ga naman da aka yanka a ƙofar gidan maƙwabci aka aiko miki da shi har ɗakinki?

Akwai kuma abin da ya kamata mu faɗa da gaskiya a kan maƙwabtanmu. Inna ba ta bautar gunki, kuma ragonta ba a kan tsafi aka yanka shi ba. Musulmi suna yin layya a ranar 10 ga watan Zulhajji domin tunawa da biyayyar Ibrahim sa'ad da aka umarce shi ya miƙa ɗansa, sa'an nan su raba naman tsakanin iyali da 'yan'uwa da maƙwabta da mabukata. Ba na ɓoye cewa mun bambanta da su a wurare masu nauyi. Su suna cewa Isma'ila ne ɗan, Farawa sura 22 kuwa ta ce Ishaku ne. Mu muna ganin ragon nan da ƙahoninsa suka sarƙafe a kurmi inuwa ce ta Yesu, Ɗan Rago na Allah mai ɗauke zunubin duniya, kuma Ibraniyawa sura 10 ta tabbatar mana cewa hadayarsa sau ɗaya ce tak, ta kuwa isa har abada. Shi ya sa ba ma yin layya, ba kuma za mu yi ba. Amma wannan bambanci bai ba mu izinin kiran su matsafa ba, domin yin haka shaidar zur ce a kan maƙwabci, wadda doka ta tara cikin Dokoki Goma ta hana. Ibadar ta mai yankan ce, kuma ta ƙare a lokacin da ya yi niyyarsa ya sa wuƙa. Abin da ya ƙetaro katanga ya iso gare ki kyauta ce. Ba wanda ya nemi ki yi wani furuci ko ki musanta Ubangijinki kafin ki ci.

Idan kuma ambaton sunan Allah a kan yankan ne abin tsoron, sai mu tambayi kanmu wane nama muke ci a sauran kwanakin shekara. Naman da muke sayowa a Babbar Kasuwa, da tsiren bakin titi, da kilishin da muke yi wa dangi tsaraba da shi idan za mu je gida Kirsimeti, kusan dukansu Musulmi ne suka yanka, kuma da bisimilla suka yanka. Ban taɓa jin Kiristan Sakkwato ya daina cin miyar nama saboda haka ba. Yesu da kansa ya ce a Markus sura 7 ba abin da ke shiga cikin mutum daga waje ne ke ƙazantar da shi ba, sai dai abin da ke fitowa daga zuciyarsa. Bulus kuma ya rubuta wa Timoti cewa duk abin da Allah ya halitta mai kyau ne, ba abin ƙi idan an karɓe shi da godiya.

Yanzu zan taɓa wurin da nake ganin ciwon yake, ki yi haƙuri da ni. Abin da ya hana zuciyarki kwanciya ba naman da kika ci shekara takwas ba ne, wanda kika zubar ne. Kin san yadda ake wannan aiki a garin nan: a feɗe rago, a buɗe shi a kan sanduna, a kafa a kewayen wuta, maza su wuni suna gyara itace suna juya shi cikin hayaƙi da zafi, mata kuma suna ciki suna fama da kayan ciki da suya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, komai ya yi tsada, har gidaje da yawa da suka saba yanka rago biyu sun koma ɗaya, wasu kuma sai dai su haɗa kuɗi su yi watanda. A cikin wannan hali tsohuwar nan ta zauna da wuƙa da faranti tana lissafin mutanenta, ta sa sunanki a ciki. Ke kuma kika yi wa jikarta fara'a, kika ba ta tukuici, kika jira dare ya yi. Fuskarki ta ce kin karɓa, hannunki kuwa ya kai bola, alhali a layinku akwai almajirai da gwauraye da ba su ɗanɗana nama ba a ranar. Wannan ne ya kamata ki kai gaban Ubangiji, shi kuwa mai aminci ne, zai gafarta miki kamar yadda 1 Yahaya 1:9 ta yi alkawari. Ban ba ki shawarar ki je ki faɗa wa Inna abin da ya faru ba. Faɗar za ta sauke miki nauyi ne ta ɗora wa tsohuwa baƙin cikin da ba ta san da shi ba. Ki gyara da aiki: bana ki shiga gidan da ƙafarki, ki durƙusa ki yi mata barka da Sallah, kuma kada kwanon ya koma mata wayam.

Game da 'yar'uwar da ta yi muku gargaɗin, kada ki riƙe ta a zuciya, kada kuma ki je taro na gaba da niyyar kunyata ta. Romawa sura 14 ta ce mai ci kada ya rena wanda ba ya ci, wanda ba ya ci kuma kada ya hukunta mai ci. A cikin ikilisiyoyinmu akwai waɗanda suka sha wuya a hannun danginsu saboda bin Almasihu, ranar Sallah kuma takan fama musu tsohon miki. Irin wannan mutum idan lamirinsa bai ba shi ya ci ba, ya bari, kuma idan ya zo gidanki kada ki ajiye masa naman a gaba. Wannan ne manufar aya ta 28 a surar da kuka karanta, inda Bulus ya ce a janye hannu saboda lamirin wani. Kuskurenta ɗaya ne, wato ta mai da abin da lamirinta ya hana ta ya zama doka a kan kowa. Ke ma idan bayan duk wannan bayani kika ji zuciyarki ba ta sake ba, kada ki ci a kan shakka. Ki karɓa da godiya ta gaskiya, ki ba wanda zai ci, domin abin da aka ba ki ya zama naki.

Na san kuma ba nassi kaɗai ke magana a irin wannan taro ba, har da tsoro. Babu Kiristan da ke zaune a Sakkwato da ya manta da watan Mayun 2022, lokacin da aka kashe ɗalibar nan Kirista, 'yar'uwarmu Deborah Samuel, gari ya rikice har gwamnati ta sa dokar hana fita ta sa'o'i 24. Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, Bishop Matthew Hassan Kukah kuma ya roƙi jama'a su kwantar da hankali, amma raunin bai warke a zukata da yawa ba, ni ma ban ce ya warke a tawa ba. Sai dai ina tuna cewa a kwanakin nan da muke kulle a gida, wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa bayan magariba maƙwabcina ne Musulmi, ɗauke da jarkar ruwa da ƙullin gero, ya ce mini, “Malam, ku kwana da hankalinku, muna nan.” Ba a ranar muka san juna ba. Shekaru muka yi muna musayar kwano, muna zuwa wa juna suna da ta'aziyya. Irmiya 29:7 ta umarci mutanen Allah su nemi zaman lafiyar birnin da suke zaune a ciki, su kuma yi masa addu'a, kuma ban ga yadda za mu cika wannan umarni muna mayar da hannun kyauta baya ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni kuma tawa ta Kirsimeti ce. Mahaifina ya saba kiran wani maƙwabcinmu Musulmi ya yanka mana akuya domin mutanen layinmu su iya cin abincinmu. Yanzu da na zama mai gida, abokaina suna cewa wannan rena kai ne, kamar mun yarda cewa yankanmu ƙazami ne. Me ka gani?
Daga wani mai karatu, Arkilla, Sakkwato.

AMSA: Ɗana, ka riƙe al'adar mahaifinka, domin dattijo ne mai hangen nesa. Sabon Alkawari bai ɗora mana wata ƙa'ida a kan wanda zai riƙe wuƙa ba. Abin da manzanni suka rubuta wa masu bi na Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, a Ayyukan Manzanni 15:29 ya haɗa da guje wa jini da abin da aka maƙure, yankan maƙwabcinka kuwa yana zubar da jinin sarai. Kana da 'yancin yanka akuyarka da hannunka ka ci, kuma halal ce a gare ka. Idan ka ajiye wannan 'yanci domin tuwonka da shinkafarka su shiga gidaje goma maimakon su tsaya a gidanka, ka bi sawun Bulus ne, wanda ya ce a 1 Korintiyawa sura 9 ko da yake shi mai 'yanci ne, ya mai da kansa bawan kowa. Wanda ya san matsayinsa a wurin Allah ne kaɗai ke iya yin haka ba tare da jin an rage shi ba.

Ka sani kuma cewa duk da haka za a sami gidan da ba za su ci ba, domin malaminsu ya hana su abincin bikin Kirista. Kada ka yi fushi, gama su ma lamirinsu suke bi, kamar yadda muke so a bar mu mu bi namu. Irin wannan gida ka bari bikin ya wuce, sa'an nan ka aika da ɗanyar shinkafa ko man gyaɗa a wata rana ta daban, ko ka jira watan azumi ka kai musu sukari da ƙanƙara gab da shan ruwa. Shi kuma wanda ya yi maka yankan, ka cire masa nasa kason tun kafin a ɗora tukunya, ka aika yaro ya kai masa har gida.