Me ya sa mai ƙera jirgin yaƙi ke neman abokin tarayya wajen inji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji an ce Indiya da Turkiyya suna ƙera jiragen yaƙinsu, amma injin na Amurka ne. Me ya hana su yi nasu? In kuma an ce an haɗa gwiwa, da gaske ana ba su sirrin?
Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka ji haka yake. Jirgin Tejas na Indiya da injin F404 na kamfanin General Electric yake tashi, KAAN na Turkiyya kuwa, wanda ya fara tashi a Fabrairun 2024, F110 ne a cikinsa, shi ma na kamfanin.

Wahalar tana can cikin inji, bayan inda mai ke cin wuta. Akwai wasu 'yan fukafukan ƙarfe da ba su wuce tafin hannu ba, jere a jikin faifai mai juyawa sau dubbai a minti guda. Iskar da ke dukansu ta kan haura digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyas, zafin da ya fi ƙarfin ƙarfen da aka yi su da shi. Abin da ke hana su narkewa shi ne ana zuba kowane ɗaya ya daskare a matsayin ƙwaya guda ba gaɓa, a huda masa ƙananan ramuka da iska mai sanyi ke bi, sannan a shafe shi da wani irin tangaran. Ko an ba ka zanen, sai ka shekara da shekaru kana lalata ƙarfe kafin hannunka ya faɗa. Indiya ta fara aikin injinta Kaveri tun shekarun 1980, amma a 2008 dole aka raba shi da shirin Tejas saboda bai kai ƙarfin da ake bukata ba.

To, haɗin gwiwa iri-iri ne, kuma a nan nake so ka lura sosai. Akwai na tsara da tsara. A 1986 Rolls-Royce na Birtaniya da MTU na Jamus da takwarorinsu na Italiya da Sifaniya suka kafa Eurojet, suka ƙera injin EJ200 na jirgin Typhoon. Kowa ya zo da abin da ya iya, aka raba aiki da kuɗi. Ko a nan ba a rasa saɓani ba: Faransa ta fice daga shirin jirgin a 1985, ta yi Rafale da injinta M88. Irin wannan tafiya ce Birtaniya da Italiya da Japan suka shelanta a Disambar 2022 domin sabon jirgin da suke son ya fara aiki a 2035.

Ɗayan kuwa lasisi ne: a ba ka izinin harhaɗawa da ƙera wasu sassa a masana'antarka, mai inji ya riƙe zuciyar abin. Haka Koriya ta Kudu ke yi da injin F414 na General Electric. A Yunin 2023 General Electric da kamfanin ƙera jiragen sama na Indiya, HAL, suka sa hannu kan takardar fahimtar juna don ƙera wannan injin a Indiya. A ganina ma'aunin irin wannan yarjejeniya ɗaya ne: shin za a koya wa injiniyoyinka zuba waɗancan fukafukai, ko kuwa a akwati za su riƙa zuwa?

Rowar tana da tarihi. A 1946 Birtaniya ta sayar wa Tarayyar Sobiyet injin Nene. Suka kwance shi, suka kwaikwaya, suka sa a MiG-15, jirgin da ya addabi Amurka da ƙawayenta a yaƙin Koriya. Masu inji ba su manta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya ba ka inji yana iya hana ka kayan gyara, ko ya hana ka sayar da jirginka ga wanda bai so. Turkiyya ta ɗanɗana makamancin haka a 2019 da aka cire ta daga shirin jirgin yaƙin Amurka F-35 saboda ta sayi makaman kakkaɓo jirage S-400 na Rasha, ga shi kuwa ta dage sai ta yi wa KAAN injin gida.

Mu ma abin ya shafe mu. Jirage uku samfurin JF-17 da rundunar sojin saman Najeriya ta ƙaddamar a Makurɗi a 2021, Pakistan da Sin ne suka haɗu suka ƙera su, amma injinsu RD-93 na kamfanin Klimov ne na Rasha. Ka ga jirgi ɗaya, sai mun zauna lafiya da ƙasashe uku kafin ya ci gaba da tashi.