Ƙarfe nawa a Ingila: amsa ga ƙanena mai shirin tahowa

Ƙanena, saƙonka ya iso, da jerin jumlolin Faransanci na lokaci da kake so in juya maka zuwa Ingilishi kafin ka taho karatu. Ta farko, "Quelle heure est-il ?", ita ce "What time is it?" Ka haddace ka ajiye, don a nan kowa da wayarsa a hannu, da wuya ka ga an tare wani a titi ana tambayarsa ƙarfe nawa. Inda za ka sha wuya shi ne in an faɗa maka lokaci kana buƙatar ganewa nan take.

Mu da muka yi lakwal a Damagaram, kunnenmu ya saba da jin awa tukuna, minti ya biyo baya: "neuf heures moins vingt". Baturen Ingila da minti yake farawa, ya ce "twenty to nine". Kafin ka gama haɗa ashirin da tara a kanka ka samu 9:20, bas ɗin 8:40 ya yi gaba. "Et quart" shi ne "quarter past", "moins le quart" kuma "quarter to". Sai "half seven", wadda ba malamin da ya taɓa koya mana ita a aji: 7:30 ke nan. Kuma da lafazin mutanen Manchester za ka ji ta, cikin ƙarar injina, daga bakin wanda ba zai maimaita ba.

Kada ka kuskura ka ce wa wani "fifteen hours" kana nufin 15h. A allon tashar jirgin ƙasa za ka ga 15:00, amma a baki "three pm" ake cewa. "12 pm" tsakar rana ce. "Quinze jours" ɗinmu kuwa "fortnight" suke kiransa, kwana 14 cif, in mai gidan haya ya ba ka wannan wa'adi kada ka ƙara wa kanka kwana ɗaya.

Abin da ba ka tambaya ba shi ne ya fi ci mini rai. Bizar ɗalibin jami'a awa 20 ta yarda ka yi aiki a mako lokacin karatu, ka zarce ka jefa zamanka cikin haɗari, don haka kowace awa a ƙirge take. A siton da na yi aikin dare, kati ake dannawa a ƙofa. Ran da bas ya tsaya a hanya cikin ruwan sama, na shiga jiƙe sharkaf, mai kula da mu ko kai bai ɗaga ba, ya zaftare mini kuɗin kwatan awa. "Wallahi hanya ce" ba ta aiki a nan. Da wannan aikin na biya haya har na gama digiri na biyu, ba wanda ya aiko mini ko dala daga gida, amma kullum sai a ce ai shi yana Turai yana hutawa.

Agogon kansa ba ya zama wuri ɗaya. Lahadin ƙarshen Maris ana tura shi gaba da awa ɗaya, Lahadin ƙarshen Oktoba a mayar da shi. Daga Afrilu zuwa wajen ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da Nijar, da hunturu kuma kuna gabanmu da awa guda. A Disamba magariba na yi kafin ƙarfe 4, ka ga azahar, la'asar da magariba duk sun faɗo cikin lokacin aji, sai ka nemi ɗakin salla na jami'a tun makon farko. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9.

Ka riƙa kunna BBC ta Ingilishi a waya, ba sashen Hausa ba. Duk sa'ad da suka faɗi lokaci, ka rubuta shi da lamba ka duba agogo. Sauran jumlolin naka sai ranar hutuna. Ka gaishe mini da su Inna.