Mama ta fara mantuwa: wane magani zan saya mata?

Tambaya: Likita, mahaifiyata shekarunta 63, kuma mantuwa ta fara yi mata yawa. Sai ta ɗora tukunya ta manta, ko ta maimaita magana ɗaya sau uku. Tana da hawan jini, amma tun bara ta ajiye magani, ta ce ta warke. Wane maganin ƙara kaifin ƙwaƙwalwa zan saya mata? Ni ma hankalina a tashe yake, kada abin ya zama gado.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Riƙe kuɗinki tukuna, domin abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarki shi ne maganin da ta ajiye.

Hawan jini ba ya warkewa don mutum ya ji garau. Sau da yawa ma ba ya sa ciwon kai ko jiri, yana can yana cinye ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙwaƙwalwa. Wata ta toshe yau, wata baɗi, ba wanda ya sani, sai a ga dattijuwa ta fara ruɗewa a ce gigin tsufa ne. Kullum sai na gamu da wannan a asibiti. Mutum ya sha ƙwaya wata guda, awo ya sauka ƙasa da 140/90, wato iyakar da daga ita ake cewa jini ya hau, ya ce alhamdulillah an gama. To ai maganin ne ya saukar da shi! Ga kuma masu mota da lasifika a bakin kasuwa suna rantsuwa cewa jarka ɗaya za ta raba ka da hawan jini har abada, ga mai kemis da zai miƙo maka bitamin mai tsada ya ce na ƙwaƙwalwa ne. Ran da ɓarin jiki ya shanye ba za ka ga ko ɗayansu ba. Sai a ce aljani ne ya shafe ta a banɗaki, a kwana biyu ana hayaƙi, alhali maganin narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi na farko ake bayar da shi. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa duka biyun.

Ki kai Mama a auna jininta da suga a makon nan, a duba jinta da ganinta, don kurumtar da aka bari ba kulawa tana gaggauta mantuwa.

Batun gado kuwa, ki kwantar da hankalinki. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa na da nasaba da abubuwa 14 da ake iya gyarawa. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi yana cikin lissafin. Ki riƙa tafiyar ƙafa da sauri minti 150 a mako, ki sami barcin awa bakwai. Ki rage zama cikin hayaƙin itace a rufaffen kicin.

Kada kuma ku ce Mama ta tsufa ku killace ta a ɗaki. Ku bar ta ta je Islamiyya da barka da suna, ta tsinke zogale tana hira da jikoki. Girkin ne dai a sa wani ya tsaya kusa da ita har likita ya gan ta, kuma ki tafi da kwalin tsohon maganinta.