Tara kan guntun sigari da shan taba a motar haya a Ingila

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana fake a gefen titi kana jiran fasinja, ka sha sigarinka ka jefar da guntun ta taga, sai ga ma'aikacin ƙaramar hukuma ya miƙo maka takardar tara, kana tambaya ko ka biya ko ka share. Na daɗe ina tuƙin haya a ƙasar nan, kuma shawarata ita ce ka biya cikin wa'adin da aka rubuta a jikin takardar.

Guntun sigari shara ne a idon dokar Ingila, haka ma cingam. Kowane kansul, wato ƙaramar hukuma, shi ke yanka kuɗin tararsa, shi ya sa na wannan gari ya bambanta da na wancan, amma tun 2023 an ba su damar kaiwa fam 500. Da yawansu suna rage kuɗin idan ka biya da wuri. In ka biya, magana ta ƙare, ba a rubuta maka laifi ba. In ka yi shiru, sai kotun majistare, inda tarar za ta iya kaiwa fam 2,500. Abin da ya fi damuna a nan shi ne lasisinka: a wajen Landan kansul ne ke ba mu shi, kuma dole ka sanar da su idan kotu ta same ka da laifi. Kada ka sa hanyar abincin iyalinka cikin haɗari saboda ƙaramin abu.

Sannan akwai abin da ba ka tambaya ba, amma ya fi kama 'yan'uwanmu. Tun 1 ga Yuli 2007 motar haya wurin aiki ce, ba a shan taba a cikinta ko kaɗan. Ko babu fasinja, ko ranar hutunka ce kana kai yara makaranta, ko ka sauke gilasai duka. Tarar fam 50 ce, tana komawa 30 idan an biya cikin kwana 15, kuma dole a ga alamar hana shan taba manne a motar. In an bar ka da ta shara kaɗai, ka gode wa Allah.

Masu ba da tarar sharar nan, da yawansu ma'aikatan kamfanoni ne da kansul ta ba kwangila, suna yawo da kyamara a ƙirji. Na sha ganinsu a bakin tashar jirgin ƙasa, inda direbobi ke layi: mutum na tsaye nesa kaɗan, ba ya cewa komai sai guntun ya taɓa ƙasa. Kada ka yi musu, kada ka ba da sunan ƙarya, wannan wani laifin ne daban. Ka nemi ganin katin shaidarsa, ka karɓi takardarka.

Ba sai an tsayar da kai ba ma. Tun 2018 kansul na iya bin lambar mota ta aiko wa mai ita tara har gida. Mu masu haya an yi mana sassauci idan fasinja ne ya jefar, don haka in irin wannan ta zo maka, ka rubuta musu da wuri tare da shaidar tafiyar daga manhajar da kake aiki da ita.

In ba za ka iya barin tabar ba tukuna, Allah Ya sawwaƙe maka, to ka fito daga motar ka sha, ka ajiye ɗan gwangwani mai murfi a aljihu don guntayen.