Zauren Amsoshi: Ɗan Kwangila da Shafukan Neman Aiki na Intanet

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni magini ne, shekara 11 ke nan ina karɓar ƙananan kwangiloli a Garwa da kewayenta, irin su katanga da shaguna da ɗakunan haya, wani lokaci har da aji ɗaya ko biyu na makarantar Islamiyya. Ina da birkiloli 3, leburori kuwa gwargwadon aiki nake ɗaukar su. Tun bayan sallar layya aiki ya ja baya, sai ɗana ya sa sunana da lambata a shafuka biyu na neman aiki a intanet. Wata 4 ke nan ina sayen data ina dubawa bayan sallar asuba, amma akawu da direba da ma'aikacin jinya kawai nake gani ana nema, kuma ko mutum ɗaya bai kira ni ba. Shin shafukan nan suna da amfani ga irinmu, ko in haƙura da su? Daga wani mai karatu, unguwar Yalwa, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya buɗa. Abin da ɗanka ya yi maka ba laifi ba ne, sai dai ya kai ka kasuwar da ba a sayar da irin hajarka. Shafukan neman aiki an tsara su ne domin kamfani ko ƙungiyar da ke son ɗaukar mutum ɗaya ta riƙa biyan sa albashi a ƙarshen wata, shi ya sa abin da suke tambaya shi ne takardar tarihin aiki da shaidar karatu. Haka ma hukumar FNE, wadda aka kafa a 1990 domin haɗa masu neman aiki da masu ɗauka, galibi ma'aikaci take yi wa hidima. Kai kuwa ba albashi kake nema ba. Kana neman wanda zai miƙa maka aiki dungurungum, ka yi ƙiyasin siminti da rodi da kwano, ka kawo mutanenka, ka gama ka miƙa makulli. Mai irin wannan buƙata ba safai yake shiga shafin neman aiki ba, saboda haka shirun wata 4 da ka gani bai ce komai a kan ingancin aikinka ba.

Duk da haka ban yarda ka juya wa intanet baya ba, domin sanarwar kwangila tana nan a cikinta, a wani wuri dabam da inda kake dubawa. Kwangilolin gwamnati da na ƙananan hukumomi a Kamaru suna tafiya ne bisa dokar kwangilolin gwamnati ta ranar 20 ga Yuni 2018, kuma hukumar ARMP da ke sa ido a kansu tana wallafa sanarwar neman 'yan kwangila a mujallarta ta intanet, wadda kowa zai iya buɗewa. Ma'aikatar kula da kwangilolin gwamnati kuma tana da dandalin COLEPS, inda ake miƙa takardun takara ta kwamfuta, bayan mutum ya yi wa kamfaninsa rajista ya kuma karɓi shaidar sa hannu ta lantarki daga ANTIC, hukumar kula da fasahar sadarwa. Jaridar Cameroon Tribune ma tana buga irin waɗannan sanarwoyi. A farkon kowace shekara ana fitar da jerin ayyukan da kasafin zuba jari na gwamnati zai biya, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, kuma a ciki ne za ka ga ajujuwa da rijiyoyin burtsatse da asibitocin karkara da kwalbatoci, tare da kuɗin da aka ware wa kowanne. Wanda ya karanta wannan jeri a watan Janairu ya san abin da zai fito a yankin Binuwai, inda Garwa take, kafin a manna shi a allo, kuma yana da lokacin da zai shirya.

Akwai iyakokin kuɗi da ya kamata ka riƙe a ka, domin su ne za su nuna maka inda intanet take da amfani da inda ba ta da shi. Aikin da ya kai sefa miliyan 5 amma bai kai miliyan 50 ba yana da rukuninsa, wanda ya kai miliyan 50 zuwa sama shi ne babbar kwangila, kuma galibi duka biyun ta hanyar takara ake bayar da su. Wanda bai kai miliyan 5 ba kuwa da takardar oda kawai ake bayar da shi, kuma da wuya ka gan shi a wani shafi. Gyaran rufin ofis, fentin makaranta, sake ƙofofi da tagogi, duk a nan suke, kuma su ne daidai ƙarfin mai birkiloli 3. Irin wannan aiki yana zuwa ne ga wanda ofishin ya san fuskarsa, takardunsa kuma suna cikin fayil, saboda haka ƙafarka ce za ta samo maka shi.

Ganin sanarwa shi ne mafi sauƙin ɓangaren al'amarin, kuma a nan nake so in daɗe, domin a nan mutanenmu suke faɗuwa. Na taɓa zama a zauren wata ƙaramar hukuma ranar buɗe ambulan, ana ta fifita da takardu saboda wuta ta ɗauke. Kowane ɗan takara ya kawo ambulan uku, na takardun hukuma da na bayanin aiki da na farashi. Aka zo kan wani dattijo da kowa a zauren ya san ya iya gini, aka buɗe ambulansa na farko, shugaban kwamiti ya juya takardun ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunayensu, sai ya tsaya ya ce babu takardar lamunin banki, wadda banki ke tsaya wa ɗan takara da ita cewa ba zai janye ba. Dattijon ya miƙe ya ce zai kawo ta kafin la'asar, aka ba shi haƙuri, aka ajiye ambulansa gefe ba a ko duba farashinsa ba. Dokar tana ba da sa'o'i 48 a cike wata takardar hukuma da ta ɓace, amma ban da wannan lamuni, wanda bai wuce kashi 2 cikin 100 na ƙiyasin kuɗin aikin ba. Har yau ina tuna yadda ya naɗe hularsa a hannu ya fita.

Saboda haka kafin ka sake sayen data, duba jakarka. Kana da rajistar kasuwanci da lambar mai biyan haraji? Kana da shaidar cewa ofishin haraji ba ya bin ka bashi, da ta CNPS, wato hukumar inshora da fanshon ma'aikata, da ta ARMP mai nuna ba a hana ka shiga takara ba, da ta bankin da asusun kamfaninka yake? Yawancinsu ana so kada su wuce wata 3 da fitarwa. Idan har yanzu da sunanka kawai kake aiki ba kamfani, cibiyar CFCE ita ce wurin da ake kafa shi a ƙofa ɗaya. Sannan ka auna ƙarfinka da gaskiya, domin biyan kuɗin gwamnati yakan yi jinkiri, kuma ko da yake ana iya ba da kafin alƙalami har kashi 20 cikin 100, sai banki ya tsaya maka a kansa. Wanda ba zai iya riƙe leburori da bashin siminti na watanni ba, gara ya fara da karɓar wani yanki na aiki a hannun babban ɗan kwangila. Mujallar ARMP tana buga sunayen waɗanda suka ci takara, kuma a ganina wannan shi ne amfani mafi kusa da za ka samu daga gare ta: ka ga wanda ya ci ajujuwa a Pitowa ko Lagdo, ka same shi kafin ya ɗauko birkiloli daga wani gari.

Ƙungiyoyin agaji su ne suka fi kowa dogaro da intanet. Tun da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo kusa da Mokolo a 2013, ayyukan bandaki da rijiyoyi da matsugunai sun yawaita a yankin Arewa Mai Nisa, kuma wani lokaci sanarwarsu takan faɗo har cikin shafukan da ɗanka ya buɗe maka. Ka sa shi ya riƙa bincika su da kalmomin Faransanci na neman 'yan kwangila da na neman farashi, sau biyu a mako ya isa. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suna da dandalin UNGM da suke wallafa sanarwar kwangilolinsu, inda rajistar matakin farko kyauta ce.

Mai gida da ke son katanga ko shago kuwa, mai sayar da siminti yake tambaya, ko maƙwabcin da ya gama gini bara. Nan wayarka za ta fi yi maka aiki fiye da kowane shafi. Ka ɗauki hoton kowane gini tun daga tushe har rufi, da izinin mai shi, ka riƙa sa su a WhatsApp da Facebook, ka kuma bar lambarka a shagunan kayan gini da kake ciniki da su. 'Yan uwanmu da ke Yawunde da Duwala suna gini a gida ba sa nan, kuma maginin da ke aika musu hoto da rasit kowace Juma'a shi suke miƙa wa junansu.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na ga sanarwa a wani shafi cewa wata ƙungiya tana neman mai walda da zai yi ƙofofin makarantu a Njamena. Da na kira, aka ce in aika sefa 35,000 ta waya kuɗin buɗe fayil, kuma gobe za a rufe. In aika? Daga wani mai walda, Kuseri.

AMSA: Ɗan'uwa, kada ka aika ko dala. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma gaggawar da aka sa maka ita ce babbar alamar damfara, domin ana so ka biya kafin ka yi shawara. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ba sa karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki, kuma ƙungiyar kirki ba ta karɓar kuɗi ta lambar wayar wani mutum. Gaskiya ne a kwangilar gwamnati ana sayen kundin takara, amma a baitulmali ake biya, ko ofishin karɓar kuɗi na ƙaramar hukuma, ko asusun bankin da aka rubuta a cikin sanarwar, kuma ana ba da rasit mai hatimi wanda shi kansa yana cikin takardun da ake miƙawa. Kai da gadar Ngeli kawai ta raba ka da Njamena, ka nemi adireshin ofishin ƙungiyar daga wani wuri dabam da sanarwar, ka tsallaka da safe, ka nuna wa mai gadi takardar a wayarka, ka nemi ganin jami'in saye da sayarwa. Idan aikin na gaskiya ne, za ka tarar da sanarwarsa a allon ƙofarsu da lambarta da ranar rufewa. Idan ba su san da shi ba, ka bar musu lambar da aka ce ka aika kuɗin, ka kuma sanar da masu shafin domin su cire sanarwar.