Injin Esfireso Na Gida: Mai Son Gahawa Da Madara Ya Fara Duba Tururi

Tambaya: Ni da maigidana muna shan kafucino, wato gahawa mai kumfar madara, kowace safiya, kofi biyu, amma idan mun yi baƙi yakan kai shida. Na ga injina iri-iri, wani an rubuta masa bar 15, wani bar 20. Wanda lambarsa ta fi girma shi ya fi kyau?

Amsa: Hajiya, ki ajiye batun lambar nan gefe guda. Bar ma'aunin matsin ruwa ne. Esfireso, wato gahawa mai kauri da ake tacewa da matsin ruwan zafi, ba ya buƙatar matsin da ya wuce wajen bar 9, kuma a kan haka ake tafiya tun da kamfanin Faema na Italiya ya fito da injinsa E61 mai famfon lantarki a 1961. Lambar da kike gani a jikin kwali iyakar ƙarfin famfon ce, ba ita ke nuna daɗin abin da zai zubo miki a kofi ba.

Tunda da madara kuke sha, abin da za ki sa wa ido shi ne yadda injin yake samar da tururi. Gahawa tana son ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96 a ma'aunin Celsius, shi kuwa tururin da zai tayar da kumfar madara sai tukunyar dafa ruwa da ke cikin injin ta haura digiri 120. Zafi biyu ke nan daban-daban, kuma duk bambancin injinan nan yana ga dabarar da kowanne ya bi ya haɗa su.

Akwai mai tukunya ɗaya, irin su Gaggia Classic da ya fito a 1991 da Rancilio Silvia na 1997, waɗanda har yau ake ƙera su. Da irinsu sai kin fara tace gahawar, ki danna maɓallin tururi, ki jira tukunya ta ƙara zafi, ki yi madarar, sannan ki sake zubar da ruwa ta huce kafin kofi na gaba. Ga mutum biyu wannan ba komai ba ne, kuma injina ne masu ƙarko da sauƙin gyara. Amma ranar da baƙi shida suka zauna, na farko zai shanye nasa na ƙarshe bai ga kofi ba.

Sai wanda tukunyarsa kullum tana kan zafin tururi, ruwan gahawa kuma yana bi ta wani bututu da ya ratsa cikinta, ya ɗauki zafi a hanya. Shi yana yin aikin biyu a lokaci guda, sai dai idan ya daɗe a kunne ba a taɓa shi ba ruwan bututun yakan yi zafi fiye da kima, dole a ɗan zubar kafin a tace. Yakan kuma ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin jikinsa duka ya ɗumama. Sama da shi akwai mai tukunya biyu, kowace da aikinta, wanda ya fi kowa kwanciyar hankali, ya kuma fi kowa tsada da cin wuri.

Nau'in da nake ganin ya fi dacewa da gidanku shi ne wanda ba shi da tukunya sam, ruwa ke bi ta siririyar hanya cikin ƙarfe mai zafi. Bambino Plus na kamfanin Breville, wanda a Turai ake sayarwa da sunan Sage, misali ne: yana shiryawa cikin daƙiƙoƙi, yana komawa tururi ba dogon jira. Tururinsa bai kai na manyan ƙarfi ba, amma ga kofi biyu na kullum da shida na jefi-jefi ya wadatar. Idan kuwa baƙin nan kusan kullum ne, to ki daure ki tara kuɗin mai tukunya biyu.

Tambaya: Ina da inji, amma kumfar madarata manya-manyan ƙwayaye take yi, kafin in zauna ta rabu, ruwa a ƙasa kumfa a sama. Injin ne ba shi da kyau ko hannuna ne?

Amsa: Malam, ka fara duba bakin bututun tururin. Yawancin ƙananan injina ana sa masa wata rigar roba ko ta ƙarfe mai ɗan rami a gefe, wadda ke zuƙo iska da kanta. An yi ta ne don sabon shiga ya ga kumfa ba tare da koyo ba, amma ba ta san ta daina ba, iska take ta turawa har madarar ta kumbura. A wasu injinan rigar tana cirewa. Mai shirin saye ya nemi bututun ƙarfe zalla mai juyawa kowane ɓangare, mai tsawon da zai kai tsakiyar jug.

Idan bututunka irin wannan ne, to saura hannu. Ka zuba madara mai sanyi daga firiji a jug na ƙarfe, kada ta wuce rabi. Ka buɗe tururin a iska tukuna ya fitar da ruwan da ya kwanta a ciki. Sannan ka nutsa bakin bututun kaɗan ƙarƙashin saman madarar, ɗan gefe da tsakiya, ka buɗe gaba ɗaya. Za ka ji tsit-tsit a hankali, iska ce ke shiga. Wannan na daƙiƙoƙin farko ne kawai, tun madarar ba ta yi ɗumi ba. Da jug ya fara ɗumi a tafin hannunka sai ka ɗan ƙara nutsa bakin, ƙarar ta ɗauke, madarar ta riƙa juyawa tana haɗiye ƙwayayen. Ka rufe idan ta kai digiri 60 zuwa 65, wato lokacin da tafinka ba zai iya jure jug ɗin ba. Idan ta haura 70 zaƙinta ya tafi, kumfar ma ba za ta zauna ba. Wadda ta yi daidai za ka gan ta tana sheƙi kamar sabon fenti.

Madara mai cikakken mai ta fi sauƙin koyo. Kuma da ka gama ka goge bututun da jiƙaƙƙen tsumma nan take, ka sake buɗe tururi kaɗan. Madarar da ta bushe a ramin nan tana rage ƙarfin tururi, mutum ya yi ta zargin inji.

Tambaya: Kuɗina ba za su kai inji mai kyau da injin niƙa mai kyau ba. Tunda madara zan zuba, ba sai in riƙa sayen niƙaƙƙen gari ba?

Amsa: Ɗan'uwa, a nan ba zan goyi bayanka ba. Gaskiya ne madara tana rufe wasu laifuffuka, amma ba ta mayar da gahawa mai tsami ko salam-salam ta zama mai daɗi, sai dai ka ji kamar madara zalla kake sha. Ma'aunin da aka saba farawa da shi giram 18 na gari ya ba da giram 36 a kofi cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Abin da ke kai ka wannan ma'auni shi ne laushin niƙa, kuma yana canzawa daga wannan gahawar zuwa waccan, har ma daga mako zuwa mako yayin da 'ya'yan ke tsufa. Garin leda ba ka da ikon gyara shi.

Ka rage wa injin kuɗi ka ƙara wa niƙa. Ka nemi mai haƙoran tangaran ko ƙarfe da ake saitawa daki-daki, ba mai wuƙa mai juyawa ba. Na hannu ma yana yi idan an ƙera shi don esfireso. Kafin ka samu, ƙoƙon zuba garin nan mai bango biyu da ƙaramin rami ɗaya a ƙasa, wanda ke zuwa da yawancin ƙananan injina, zai riƙe ka da garin leda na ɗan lokaci.

Tambaya: Ni fa ba ni da lokacin koyon komai, latte, wato gahawa mai madara da yawa, kawai nake so da na danna maɓalli.

Amsa: Wannan ma zaɓi ne mai kyau, 'yar'uwa, kuma gara ki faɗa tun yanzu da ki sayi injin da zai zauna yana shan ƙura. Ki ɗauki mai niƙawa da tacewa da yin kumfa duka da kansa, irin na De'Longhi ko Jura, ko mai amfani da garin gahawa da ke rufe cikin ɗan ƙwanso irin Nespresso. Kafin ki biya, ki sa a nuna miki yadda ake kwance ɓangaren madarar, domin duk inda madara ta bi sai an wanke shi kullum, kuma idan kwancewar tana da wuya ba za ki dinga yi ba. Ki tabbata injin ya dace da ƙarfin wutar ƙasarku, tunda wasu na bolt 110 zuwa 120 ne, wasu na 220 zuwa 240. Idan ruwanku yana barin farin dauɗa a gindin buta, ki yi amfani da tataccen ruwa, ki kuma riƙa wanke cikin injin da maganin da kamfanin ya ce a duk lokacin da ya nuna alama.