Wanda ya fi samun tafi shi ne gwani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen nazarin wasan kwaikwayo, ina ajin ƙarshe. Sashenmu ya shirya daren wasanni iri-iri a tsarin bodabil na Amurka da muka karanta, wato inda ake jero gajerun wasanni daban-daban ɗaya bayan ɗaya, aka sa ni cikin alƙalai uku. Akwai wani mai barkwanci da zaure ya kusa tsagewa da ihu saboda shi, ni kuwa na ba shi maki kaɗan, na fifita wani yaro mai cilla ƙwallaye da ya buɗe fili. Tun ranar ake cewa na yi son kai, wasu ko gaisuwata ba sa amsawa. Ga zagaye na biyu yana tafe, barci ma ya gagare ni. Shin ni ce ban iya alƙalanci ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki kwantar da hankalinki ki yi barci. Ban ga wasan ba, don haka ba zan ce makinki daidai ne ba, amma hujjar da ake tsangwamar ki da ita, wai wanda aka fi yi wa ihu shi ya fi iyawa, ita ce ɓarnar da na fi cin karo da ita a wannan fage, kuma ta ishe ni.

Tunda kin karanta bodabil, ƙila kin ji labarin 'yan matan gidan Cherry, 'yan'uwan juna daga jihar Iowa. Ba su iya waƙa ba, ba su iya rawa ba, kuma ba da gangan suke kwaɓawa don a yi dariya ba, su a ransu gwanaye ne. A 1896 Oscar Hammerstein ya kawo su gidan wasansa na Olympia a birnin New York, aka yi makonni zaure yana cika. Me ya kawo mutane? Sun zo ne su yi musu ihu, su jefe su da kabeji da sauran kayan lambu. Da wata jarida ta Des Moines ta buga sharhin da ya yi musu kaca-kaca, sai suka kai ƙara, a 1901 kotun ƙolin jihar ta ba jarida gaskiya. To, a ba ni amsa: idan cikar zaure da ƙarar murya ne ma'auni, wa zai kayar da waɗannan mata? Willie Hammerstein, ɗan Oscar ɗin, ma ya gane wannan kasuwa, yana ɗauko mutanen da sunansu ya fito a jaridu saboda wani abin kunya ya ɗora su kan dandamalin gidan wasan Victoria. Ana tururuwa a kalle su, bayan ɗan lokaci labari ya huce, a manta da su.

Ihu iri-iri ne. Akwai na wanda wasa ya ratsa shi. Akwai na abokai da 'yan ajinsu da aka cika layin gaba da su, 'yan amshin shata waɗanda tun kafin mutum ya buɗe baki sun fara shewa. Akwai na batsa, da na zagin wata ƙabila ko wani malami da kowa ya sani, wanda ko ɗan koyo ya jefa shi sai zaure ya ɗauka. Wannan na ƙarshen shi ne mafi arha, kuma batsar cikinsa ce Tony Pastor, wani mai gidan wasa a New York, ya kawar tun 1881 don mata da iyalai su iya shiga gidan wasansa, B. F. Keith, mai jerin gidajen bodabil, kuma ya kafa daularsa a kan hana ta. Kada ki ɗauka tsoron Allah ne zalla ya sa su, lissafin kuɗi ne, sun ga dariyar da ke korar rabin masu sayen tikiti asara ce.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne fom ɗin da kwamitoci ke miƙa wa alƙalai. An taɓa gayyata ta alƙalanci a wata gasa, aka ba ni takarda mai gida-gida, gida mafi yawan maki an rubuta masa "karɓuwa wajen 'yan kallo". Na tambayi shugaban kwamiti da me za mu auna, ya ce da kunne. Na ce to ku sallame mu ku kawo na'urar auna ƙara, ta fi mu arha, ba ta cin shinkafa. A daren nan wata yarinya ta yi wasan rufa-ido da zobe da ɗankwali. Ba wanda ya yi ihu. Amma na ga masu latsa waya sun kife ta a cinya, mai sayar da ruwan leda ya tsaya cik a tsakiyar layi da tire a ka, har ta gama. Wannan shirun ba shi da gida a fom ɗinsu.

Sai dai kada ki ɗauka ina cewa a yi watsi da 'yan kallo. Bodabil sana'a ce, wanda bai riƙe zaure ba yunwa za ta kore shi. Manajojin gidajen Keith sukan rubuta rahoto duk mako a kan kowane wasa: minti nawa ya ci, a gaban labule aka yi shi ko a cikakken dandamali, yaya mutane suka karɓe shi. Littattafan rahotannin suna nan a ajiye a Jami'ar Iowa. Bayan wasan farko na ranar Litinin ana iya rage wa mutum lokaci, a sauya masa gurbi, ko a sallame shi. Bambancin shi ne, zauren da suke aunawa da shi na baƙi ne, mutanen da suka biya kuɗinsu kuma ba su san uwar mai wasa ba. A manyan gidaje sau biyu ake yi a rana, a ƙanana fiye da haka, mako mai zuwa kuma wani gari. Wasan da ya ci a Boston ya sake ci a Filadelfiya, shi ne wasa. Mai barkwancinku, a ɗauke shi a kai shi wata makaranta inda ba a san malamin da yake kwaikwaya ba, me zai rage a hannunsa? Ki yi wa kanki wannan tambaya a kan kowane ɗan takara.

Akwai kuma inda nake zargin ku duka kun yi tuntuɓe, wato gurbi. Kin san mai buɗe fili a bodabil yawanci wasan da ba magana ake ba shi, masu tsalle-tsalle ko masu dabbobi ko irin yaronki mai ƙwallaye, domin lokacin mutane na shigowa, ana jan kujeru, ana gaisawa. Tauraro kuwa sai na biyun ƙarshe, bayan an ɗumama masa zaure. Na ƙarshe shi ke wasa ana juya masa ƙeya ana fita. Saboda haka kwatanta tafin mai buɗe fili da na wanda ya zo bayan an yi awa guda ana dariya zalunci ne. Ki auna kowa da aikin gurbinsa: shin yaron ya sa masu shigowa sun zauna sun yi shiru? In ya yi, ya biya.

A zagaye na biyu ki shiga da agogo da biro. Ki rubuta daƙiƙa nawa mutum ya ɗauka kafin ya kama zaure. Ki lura ko wasan yana hawa ne, abu mai wuya bayan mai sauƙi, ko kuwa ya zubar da mafi kyawunsa tun farko ya koma jan ƙafa. Ki ga yadda yake yi in abu ya kuɓuce masa, W. C. Fields, shahararren mai barkwancin Amurka, da cilla kaya ya fara, kuma ya mai da kuskuren ganganci abin dariya. Ki duba ko ya san lokacin sauka, don da yawa suna kashe wasansu da minti biyun da suka ƙara. Idan tafi ya tashi, ki waiga ki ga daga ina ya taso, daga kusurwa ɗaya ko har layin baya.

Kafin ranar, ki nemi sauran alƙalan biyu ku zauna, ku sa kwamiti ya yarda a yi ƙuri'ar sa'a wajen rabon gurabe, a kuma karanta wa 'yan takara ma'aunin tun kafin a ɗaga labule. Takardar da kika yi rubutu a kanta kuma kada ki yar, duk wanda ya tare ki a hanya ki nuna masa.